In fesa wa motata rufin bayan a-kori-kura a maimakon fenti?

Tambaya: Ina da tsohuwar jif, fentinta ya koɗe, jikinta duk kwarzane, ga tsatsa ta fara cin bakin madigadin baya. Na ga wasu suna fesa wa motarsu gaba ɗaya baƙin abin nan mai kaushi da ake zubawa a bayan a-kori-kura. An ce mini ba ya kwarzanewa, yana hana tsatsa, kuma mutum zai iya yi da kansa a gida. In yi shi a maimakon fenti?

Amsa: Malam, ana yi, kuma ni ma na fesa shi a jikin motoci da hannuna, wasu na ji daɗin aikin, wasu kuma da na san abin da na sani yanzu da na ba masu su haƙuri. Amma kafin mu je ko'ina, kalmar da ta tsaya mini a rai cikin tambayarka ita ce tsatsa. Zan dawo kanta, domin a kanta shawarar taka za ta tsaya ko ta faɗi.

Mu fara da sanin abin da kake shirin sa wa motar. Wannan abu ba fenti ba ne da aka ƙara wa kauri. Dangin roba ne, ana yin sa da foliyuritan ko foliyuriya ko gamin su biyun, kuma an ƙirƙire shi don wuri guda: ƙasan bayan a-kori-kura, inda ake jefa bulo da ƙarafa da shebur, ake jan kaya a kai. Aikinsa ya sha duka, ya hana kaya zamewa, ya rage ƙarar ƙarfe. Ba wanda ya yi tunanin sheƙi ko kyau a lokacin da ake haɗa shi. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani, in ka haɗa dukkan hawansa, kaurinsa bai cika wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin goma na milimita ba. Rufin da ƙwararru ke fesawa a bayan a-kori-kura kuwa yana iya kaiwa milimita 3. Ka ga tazarar da ke tsakaninsu.

Kuma ba iri ɗaya ba ne duka. Akwai na kamfanoni irin su Line-X da Rhino Linings, wanda ake fesawa da babban inji: yana ɗumama sinadarai biyu da ake haɗa rufin da su, ya turo su da ƙarfi, sai a bakin bindigar feshi suke haɗuwa, kuma cikin daƙiƙu kaɗan abin ya daskare. Wannan ba aikin gida ba ne ko kusa. Akwai na tsaka-tsaki, irin Raptor na kamfanin U-POL, wanda ke zuwa a gora, ka zuba masa hadina, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, ka girgiza, ka ɗaura bindiga a bakin gorar ka fesa da iskar kwamfaresa. Da yawa daga cikin motocin da kake gani a hoto an lulluɓe su gaba ɗaya, da irin wannan aka yi. Sai kuma masu arha da ake shafawa da rola ko burushi, kamar Herculiner mai ɓarɓashin roba a ciki, da na ƙananan gwangwanin feshi. Na gwangwani ba na ba kowa shawarar ya rufe mota guda da shi. Siriri ne, yawancinsa ba shi da hadina, kuma fetur ko tina in ya zuba masa yana iya tausasa shi.

Akwai wani bambanci da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, alhali ga wanda zai rufe rufin mota da bonet shi ne mafi muhimmanci. Foliyuritan kashi biyu ne, aromatik da alifatik. Na farkon ya fi sauƙin kuɗi kuma yana da ƙarfi, amma rana na cin sa: baƙin yakan koma toka-toka, ya riƙa yin gari-gari in ka shafa hannu, mai haske kuma ya koma rawaya. Na biyun shi ne ke riƙe launinsa a rana. A bayan a-kori-kura ba wanda ya damu in rufi ya koɗe. A kan ƙofa da bonet kuwa kullum idonka na kai. Saboda haka in ba ka ga an rubuta ƙarara cewa abin yana jure hasken rana ba, ko ba a haɗa maka da abin shafawa na sama mai kare shi ba, ka ajiye shi.

To, batun kwarzane gaskiya aka faɗa maka. Ƙaya, reshen itace, tsakuwar da taya ke watsowa, kaya da ake jingina wa mota, duk abubuwan da ke yi wa fenti zane, wannan rufi yana shanye su, kuma ko ya ɗan ji, kaushin yana ɓoye wurin. Ga motar da ke shiga daji, gona, ko wurin haƙar ma'adinai, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Shi ya sa za ka fi ganin sa a jikin su Jeep Wrangler, Land Cruiser, Hilux da tsohuwar Defender. Amma ka sani ba ya hana lotsawa. In an buga ƙofa, ƙarfen zai lotsa, rufin ya bi shi.

Yanzu tsatsa. Rufin nan yana hana ruwa da gishiri kaiwa ga ƙarfen da yake lafiyayye, wannan haka yake. Abin da ba ya yi shi ne kashe tsatsar da ta riga ta kama. In ka fesa shi a kan bakin madigadin nan naka yadda yake, ka dai rufe ciwo da tsumma ne. Tsatsa tana riƙe danshi a cikin kanta, kuma sau da yawa a irin wannan wuri daga ciki take cinyowa, daga inda laka ke taruwa a bayan ƙarfen. Za ta ci gaba da aikinta. Bambancin kawai shi ne ba za ka gani ba. Fenti na yau da kullum siriri ne, da tsatsa ta motsa a ƙarƙashinsa sai ya yi ƙuraje, ya ba ka labari tun da wuri. Wannan kuwa yana da kauri da ƙarfin da zai tsaya cik kamar ba komai, alhali abin da ke bayansa ya zama gari. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa irin wannan aiki a wani wuri, mai ita yana ƙorafin wani ɗan kumburi a ƙasan ƙofa. Na danna da babban yatsa, sai wurin ya burma. Da muka yanka, rufin ne kaɗai ya rage, ƙarfen ya tafi. Na tausaya wa mutumin ƙwarai, domin da a fenti ne da tun shekarar farko ya gani, ya gyara da ɗan faci.

Haka ma in an bar ƙaramar kafa a gefe, ko rufin ya ɗan ɗaga a wani lungu, ruwa zai shiga ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe, kuma ba shi da hanyar bushewa. Don haka kafin ka sayi ko gora ɗaya, sai an gurje tsatsar nan har an ga farin ƙarfe. In ta huda, a yanke wurin a yi walda da sabon ƙarfe, ba a cusa bodi fila a rami ba. Sannan a fesa fentin farko na efoksi a kan duk inda ƙarfe ya fito tsirara. Shi efoksin ne ke yaƙi da tsatsa, rufin mai kaushi kuma ya kare efoksin daga duka. In jikin motar alminiyum ne, kamar tsohuwar Defender ko Ford F-150 daga ƙirar 2015, wannan fentin farko ya ƙara zama dole, don ba kasafai abu ke kama alminiyum tsirara ba. Bamba da sauran sassan roba su ma suna da nasu ruwan da ake fesawa don ya taimaka wa rufin ya manne.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Suna ɗauka tunda abin yana da kaushi, an huta da gyaran jiki. E, an huta da wani ɓangare: ba sai ka goge jikin ya yi sumul kamar madubi ba, ƙananan zane da tabo za su ɓace. Amma lotsawa da lanƙwasa suna nan, ana ganin su da rana ta bugo daga gefe. Kuma wanki da gurza ba a rage ko kaɗan. Sai ka wanke motar, ka bi ta da ruwan cire maiƙo da kakin folish kafin ka taɓa ta da samfefa, domin in ka fara gurzawa sai ka tura maiƙon cikin zanen. Sannan ka gurje ko'ina da samfefa mai lamba 120 zuwa 180 har sheƙi ya mutu gaba ɗaya. Ko'ina nake nufi: lungun hannun ƙofa, bakin gilashi, kwarin rufi, gefen fitilu. Duk aikin da na ga ya ɓamɓare, daga irin waɗannan lungunan ya fara, inda hannu ya gaji aka ce ai ba komai. In tsohon fentin da kansa yana ɓarewa, to sai an cire shi, don rufin ba zai fi abin da yake zaune a kai ƙarfi ba.

Duk abin da za a iya kwancewa a kwance shi: hannayen ƙofa, madubai, fitilu, tambari, robobin bakin gilashi. Wanda ya ƙi, a rufe shi da salatif. Sai dai a kula, wannan ba kamar fenti ba ne da za ka bari ya bushe ka ɓare salatif washegari. In ya daskare a kan salatif, ko dai ya riƙe shi har abada, ko ya yago gefen aikin ya biyo shi. Ana cirewa tun yana ɗanye. Kar ka cika kauri a bakin ƙofofi da bonet, don tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, kana ƙarawa sai su fara gogar juna. Ka toshe ramukan kusoshi kafin feshi, amma ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, waɗanda ruwan sama ke fita ta cikinsu, ka tabbata sun kasance a buɗe bayan ka gama. In ka liƙe su, ka mayar da ƙofar tulu. In kuma motar tana da 'yan na'urorin nan masu zagaye a bamba da ke yin ƙara in ka kusa bugun abu, ko na'urar rada a gaba, kar rufin ya hau kansu, zai rikita su.

Shi feshin kansa ba shi da wuya kamar na fenti mai sheƙi, wannan kam an yi gaskiya. In Raptor ne, awo uku na rufi ake haɗawa da awo ɗaya na hadina, a girgiza kamar minti biyu, kuma da zarar an haɗa kana da kimanin awa ɗaya kafin ya fara kauri a gora, in ana zafi ma bai kai haka ba. Kar ka haɗa gora biyu a lokaci guda. Girman kaushin yana hannunka: in ka ƙara iska ka ja baya, ƙwayoyin za su fito ƙanana, in ka rage iska ka matso, su fito manya. Ga jikin mota ni na fi son ƙanana, sun fi sauƙin wanki kuma sun fi kyan gani. Wahalar ita ce ka riƙe nisa ɗaya da saurin hannu ɗaya tun daga bonet har zuwa baya, in ba haka ba ƙofa ɗaya ta fito da kaushi daban da 'yar'uwarta, ko rufin motar ya yi layi-layi. Ka gwada a kwali ko tsohon ƙarfe tukuna. Hawa biyu marasa kauri da hutun kamar awa ɗaya a tsakani sun fi hawa ɗaya mai kauri. Kuma iskar kwamfaresarka ta zama busasshiya, a sa mata matatar ruwa, domin hadinar tana haɗuwa da danshi ta fitar da iska, sai ka ga ƙananan kumfa da ramuka a cikin aikin. Saboda wannan dalilin ba a feshi ranar da iska ke da laima sosai.

Ina roƙon ka ka karanta wannan sakin layi sau biyu. Hadinar da ke cikin irin waɗannan kaya tana ɗauke da sinadarin aisosayanet. In ya tashi a feshi ka shaƙa, yana iya sa huhunka ya ƙi jinin sa har abada, daga nan ko ɗan kaɗan ka ƙara shaƙa sai asma ta taso maka, kuma tana iya kisa. Ba tsoratarwa nake yi ba. A 2003, a jihar Mishigan ta Amurka, wani ma'aikaci ya rasu bayan ya fesa irin wannan rufi a cikin wata motar ɗaukar kaya, kuma a 2006 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a. Mugun abin shi ne hancinka ba zai gargaɗe ka ba, kafin ka ji warinsa ka riga ka shaƙi fiye da kima. Takunkumin ƙura na takarda ko na ƙyalle ba ya tare shi sam. Abin da ya dace da feshi shi ne takunkumi mai rufe fuska wanda ake turo masa tsabtatacciyar iska daga waje ta tiyo, tare da rigar da ta rufe jiki duka da safar hannu, domin ta fata ma yana shiga. Kar a yi shi a rufaffen gareji da ke manne da ɗakunan kwana, kar yara ko dabbobi su kusanci wurin. In kana da asma ko wani ciwon ƙirji, kar ka fesa shi da kanka ko da wane irin takunkumi. Wanda ake shafawa da rola haɗarinsa bai kai haka ba tunda ba ya tashi a iska kamar feshi, amma shi ma yana son iska mai gudana da safar hannu. In ya bushe a fata kuwa, sai dai ya fita da kansa bayan kwanaki.

Sai zama da motar bayan an gama. Ƙura da laka suna son kaushi, soso ba ya shiga cikin ramukan, sai da burushi ko injin wanki mai ƙarfi. Ba a sa masa kakin folish, zai maƙale a ramuka ya bar farin tabo. Kashin tsuntsu da ƙaron itace sun fi wuyar fita fiye da a fenti. Sitika ba ta kama shi da kyau. In baƙi ka zaɓa, jikin zai yi zafi a rana kamar kowace baƙar mota, amma ba dole ne sai baƙi ba, akwai irin da ake zuba wa launin fentin mota, kamar kashi goma cikin ɗari, ya ba ka ruwan ƙasa, kore ko toka. Nauyi kuma lissafinsa mai sauƙi ne: lita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya, nauyinta kuma wajen kilo ɗaya. In jikin motar ya kai murabba'in mita 15 aka yi masa milimita 2, ka ɗora mata kamar kilo 30. Na gida bai kai wannan kaurin ba, don haka ban ɗauki nauyi a matsayin abin damuwa ba.

Abin da na fi so ka yi tunani a kai shi ne komawa baya. Fenti in ka gaji da shi, a gurje a sake wani. In ya ji ciwo a wuri ɗaya, mai fenti zai gyara wurin ya saje da sauran. Wannan rufi an yi shi ne musamman don ya ƙi gurzuwa, to ranar da ka so cire shi, wannan halin nasa ne zai juyo kanka. Yana cinye samfefa, yana narkewa ya danƙare a injin gurza, kuma zafin gurzar na iya lanƙwasa ƙarfe mai faɗi kamar rufi ko bonet. Cire shi daga mota guda aikin kwanaki ne masu yawa, sau da yawa ya fi ƙarfin darajar tsohuwar mota. In an buga ka, mai gyaran bodi sai ya kankare wurin kafin ya yi aiki, kuma facin da za a fesa da wuya kaushinsa ya yi daidai da na da, yawanci sai an sake ɓangaren gaba ɗaya. Ranar sayarwa kuma masu saye za su ragu. Wanda ya san mota, da ya ga an lulluɓe ta da wannan abu, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce me aka ɓoye a ƙasa, kuma ba shi da hanyar dubawa. In har za ka yi, ka ɗauki hotunan jikin a kowane mataki, musamman bayan walda da efoksi, ka adana su. In kuma launin zai canza daga wanda ke cikin takardun motar, a ƙasashe da dama sai an sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora.

To, ga abin da zan yi in da jif ɗin tawa ce. In motar aiki ce, daji take shiga, kuma na ƙudura ni zan ƙarasa da ita, zan gyara tsatsar yadda ya kamata, in sayi mai hadina mai jure rana, in fesa mata ƙaramin kaushi, in daina damuwa da ƙaya. In kuwa a kwalta ta fi yawo, ko akwai yiwuwar in sayar da ita nan da 'yan shekaru, ba zan lulluɓe ta ba. Zan sa rufin a inda duka yake sauka kawai: ƙasan ƙofofi daga layin da ke jikin motar zuwa ƙasa, bakin madigadi, cikin rumfar taya, bamba, da dandamalin baya in ana ɗora kaya. Sauran jikin a yi masa fenti na yau da kullum. Yin haka yana ba ka mafi yawan amfanin, motar ta yi kyau, kuma ba ka rufe wa kanka hanya ba. In kuma abin da ke burge ka shi ne launin nan marar sheƙi, ba ƙarfin ba, akwai fenti marar sheƙi, akwai ledar da ake manna wa mota, akwai kuma fentin roba irin Plasti Dip, waɗannan biyun na ƙarshe ana iya ɓare su in an gaji.

Ka fara da madigadin nan na baya tunda dole ne a taɓa shi ko ta yaya. A gyara ƙarfen, a sa efoksi, a fesa rufin a ƙasan motar kewaye, ka yi 'yan watanni kana wanke shi kana kallon sa a rana. In bayan haka har yanzu kana son sa a bonet da rufi, sai a gurje a ƙarasa, sabo yana kama tsoho in an kankare shi an goge. Bayan kowane feshi ka bar motar kwana biyu zuwa uku kafin ka fita da ita, ka kare ta daga ruwan sama da raɓa a waɗannan kwanaki, kuma kar ka kai ta daji ko wurin injin wanki sai ta cika mako guda.